Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban majalisar gari da kansilolinsa kan filayen shaƙatawa da hanyoyin ƙafa

Ranka ya daɗe Shugaba, da ku masu girma kansiloli,

Ina gaishe ku da aiki, tare da fatan kuna lafiya. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda abin da zan yi magana a kai a fili yake, kowa na ganinsa, kowa kuma na wuce shi. Da a ambulan na sa takardar nan na miƙa wa masinja, na san inda za ta kwana.

Shekara shida ke nan da likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya kuma ce kafin maganar ƙwayoyi in fara da tafiya: minti talatin a rana, kwana biyar a mako. Daga baya na gane ba shi ya ƙirƙiro lissafin ba, shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar kowane baligi ya yi yana motsa jiki a mako. Tun daga nan na zama ɗan gida a filin shaƙatawar da majalisarku ke riƙe da shi, da hanyar ƙafar da ta fita daga cikinsa ta bi gefen rafi. Ba na jin akwai wani ma'aikacinku da ya taka wannan hanya kamar yadda na taka ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku yi haƙuri ku saurare ni.

Zan fara da wani benci. Yana daidai inda hanyar ta karkata, ƙarƙashin itace mafi inuwa a wurin, kuma a nan nake zama in huta idan na yi rabin tafiyata. Wata safiya na tarar katako ɗaya daga cikin biyar na mazauninsa ya ɗaga, ƙusa ɗaya ta fita. Aikin minti biyar ne ga wanda ke riƙe da guduma. Bayan mako biyu katakon ya karye, saboda yara sun gano yana lilo idan aka taka bakinsa. Bayan wata guda aka cire na kusa da shi, ban san wa ya cire ba, amma na san dalilinsa: abin da ya riga ya lalace, ɗaukarsa ba ya kama da sata. Kafin damina ta faɗi ƙarfen ƙafafun kawai ya rage, yana tsatsa. Shi ma wata rana aka wayi gari babu shi, sai ramuka huɗu a ƙasa. Yanzu wata dattijuwa da ke zuwa da sanda, wadda da can take kaiwa ƙarshen hanya saboda tana da wurin hutawa a tsakiya, ta daina wuce ƙofa. A ƙarshe ma na daina ganinta.

A cikin duk waɗannan watanni babu wanda ya yi mugunta. Ko na so in kama sunan mai laifi ba zan iya ba, domin babu wanda bencin yake wuyansa, kuma wannan shi ne ƙorafina gaba ɗaya. Na je ofishinku sau biyu. Na farko aka ce benci aikin sashen ayyuka ne. A sashen ayyuka aka ce duk abin da ke cikin shingen fili na sashen muhalli ne. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ba ni kujera, kuma kowa gaskiya ya faɗa mini daidai da abin da ke rubuce a takardarsa.

Ina nan ranar da aka buɗe filin. An kafa rumfuna, an yanke ƙyalle, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Ban ga laifin wannan ba, aiki ne mai kyau kuma wanda ya yi shi ya cancanci yabo. Sai dai gina fili aikin shekara ɗaya ne, riƙe shi kuma aikin kowace safiya ne har abada, kuma shi wannan na biyun ba shi da ranar biki. Ba a gayyatar 'yan jarida don an yashe kwalbati. Ba a kafa allo mai sunan shugaba don an sauya ƙwan fitila. Shi ya sa idan kuɗi suka yi ƙaranci, layin gyara ne ake fara sokewa a kasafi, tunda ciyawa ba ta zanga-zanga. Illar ba ta bayyana sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da mai yiwuwa wanda ya soke layin ya bar kujerar, wanda ya gaje shi kuma ya ga ya fi masa riba ya gina sabo da sunansa da ya gyara tsohon wani.

Kada ku ɗauka wannan ciwon ƙananan garuruwa ne. Shahararren filin nan na tsakiyar birnin New York a Amurka, Central Park, wanda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka zana a 1858, mai faɗin eka 843, ya taɓa zama abin kunya. A shekarun 1970, lokacin da birnin ya kusa tsiyacewa, ciyawarsa ta koma ƙura, aka cika gine-ginensa da rubuce-rubucen fenti, mutane suka riƙa tsoron shiga. A 1980 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ta haɗa hannu da hukumar birnin don ceto shi. An tara kuɗi masu yawa, wannan gaskiya ne, kuma na san za ku ce ku ba ku da attajiran New York. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin ba kuɗin ba ne. A 1996 suka raba filin kashi 49, kowane kashi aka ɗora shi a wuyan mutum ɗaya. Kafin nan ma'aikata ayari suke yi, yau suna gabas gobe suna yamma, babu wanda zai ce nan nawa ne. Da aka raba, idan reshe ya karye a kashi kaza an san wanda za a tambaya, shi ma ya san za a tambaye shi. Ya san itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya san masu zuwa kullum, su ma sun san shi.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan mutum, ba da tsari ba, da sa'a. Wani tsohon gadina ne, ɗan siriri, mai baro da manjagara da wata tsohuwar adda da ya ɗaure ƙotarta da roba. Idan hadari ya haɗu, kafin ɗigon farko za ka gan shi yana bin bakin magudanai yana kwashe ganye da leda da hannunsa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai bari sai an ɗauke ruwa ba. Ya ce, "Alhaji, in ruwa ya riga ni, ba shara zan yi ba, cikon rami zan yi." Da ya yi ritaya ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba. Aka ba ɗan kwangila aikin yankan ciyawa, yana zuwa da inji da leburori lokaci-lokaci, su yi ƙara na yini guda su tafi. Suna yanke ciyawa kuwa, tas. Amma ba a rubuta magudanai a kwangilarsu ba, don haka har ciyawar da suka yanke a cikin magudanan take ƙarewa.

Wannan ya kawo ni kan ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin na lura yawancin masu sa hannu a takardun aiki suna zaton ƙafafun mutane ne ke cinye hanya. Ƙafa tana daddanna ƙasa ne kawai. Ruwa ne ke kwashe ta. Amma su biyun suna aiki tare: ƙafa ta danne tsakiyar hanya har ta ɗan lotsa, ƙasar da aka danne ba ta shan ruwa, sai ruwan sama ya samu wannan lotsawar ya mayar da ita hanyarsa. Da farko wani ɗan layi ne da ɗan yatsa zai rufe. Ruwa na gaba ya zurfafa shi, ya kwashe tsakuwa ya zube ta a gindin gangara. Masu tafiya su ga taɓo a tsakiya su koma gefe, su kashe ciyawar gefen, ita ma ta lotsa. A damina biyu hanyar da aka yi don mutum biyu su jera ta zama faɗin mota, rabinta rami. A wurin da nake faɗa muku, bayan ƙaramar gadar katako, ramin yanzu ya kai mini gwiwa. Na san lokacin da tafin hannuna zai toshe shi.

Masu gina hanyoyin ƙafa sun daɗe da sanin maganin wannan, kuma ba ya bukatar siminti. Ƙa'idarsu ita ce kada a bar ruwa ya yi tafiya a kan hanya, a sa shi ya tsallaka ta ya wuce. Suna ɗan karkatar da fuskar hanyar zuwa ɓangaren gangara, kamar kashi biyar cikin ɗari, abin da mai tafiya ba zai ma ji ba, amma ruwa zai ji. Idan hanya na ratsa gefen tudu, suna kiyaye kada gangarenta ya wuce rabin gangaren tudun, domin da zarar ya wuce, ruwa zai ga bin hanyar ya fi masa sauƙi da sauka kai tsaye. A kan dogon gangare kuma suna sa hanyar ta ɗan sauka ta ɗan hau a wurare, yadda duk ruwan da ya hau kanta zai tarar da mafita bayan 'yan taku, tun bai tara ƙarfi ba. Waɗannan mafitai su ne ke cika da yashi da ganye, kuma su ne ke bukatar mutum da shebur sau biyu ko uku a shekara. Da shigewar lokaci ƙasa kan taru a bakin hanya ta ɓangaren gangara ta zama ɗan kunya, kamar ta gona, ta tare ruwa a ciki. Kankare wannan kunyar aikin fartanya ne. In ba a yi ba, bayan 'yan shekaru aikin katafila ne da takardar neman ƙarin kuɗi.

Na ji ana cewa za a magance matsalar gaba ɗaya a zuba kankare daga farko har ƙarshe. Ina roƙonku ku yi tunani. A kusa da ƙofa, inda cunkoso yake, inda masu keken guragu da masu tura jarirai ke bi, shimfiɗa mai ƙarfi tana da amfani, muddin gangarenta bai wuce ɗaya cikin ashirin ba, wato hawan mita ɗaya a tafiyar mita ashirin. Amma kankare ba ya kashe ruwa, tura shi gefe yake yi da ƙarin gudu. In ba a yi masa hanya ba zai ci ƙasar da ke ƙarƙashin bakin shimfiɗar har ta rataya a iska ta karye, kuma karyayyen kankare ya fi ramin ƙasa haɗari ga tsoho. Ga saiwar itace da ke ɗaga shi. Sai ku dawo kuna sare itatuwan da saboda inuwarsu mutane ke zuwa.

Akwai kuma 'yar hanyar da ba ku yi ba, wadda mutane suka yi da ƙafarsu, ta yanke daga ƙofar baya zuwa bakin titi. Sau uku ana toshe ta, da waya, da ƙaya, da allon gargaɗi. Sau uku tana dawowa. Masu bin ta ba 'yan tawaye ba ne, 'yan makaranta ne da masu sammakon aiki da suka ga hanyar da aka zana musu ta yi zagaye ba gaira ba dalili. Ni dai a ganina wannan shawara ce kyauta jama'a suka ba mai zane. A zuba mata tsakuwa, a yi mata baki, a huta.

Maganar itatuwa gajeriya ce amma tana min ciwo. Kowace shekara ana ranar dashe. Ana zuwa da 'yan makaranta, kowa ya riƙe tsiro a ɗauki hoto, a sanar da adadin da aka dasa. Ban taɓa jin an sanar da adadin da ya rayu ba. Ƙaramin itace yana bukatar ban ruwa a kai a kai na shekara biyu zuwa uku kafin saiwarsa ta kama ƙasa, yana bukatar kariya daga dabbobi da injin yankan ciyawa da ke kwailaye masa bawo a gindi. Waɗanda suka tsira ma wani hatsarin na jiransu: wayar da aka ɗaure su da ita a jikin turke ranar dashe, ba wanda ya dawo ya kwance. Akwai guda bakwai a layi ɗaya da wayar ta nutse cikin jikinsu, itacen ya kumbura sama da ƙasa da ita kamar yatsan da zobe ya matse. Na kwance biyu da filaya daga gida. Sauran sun riga sun haɗiye wayar. Ku dasa rabin abin da kuke dasawa, ku sa kuɗin ɗaya rabin a tankar ruwa, sannan duk wanda ya ba ku rahoton dashe ku ce ya dawo da rahoton rayuwa bayan rani biyu.

Mata sun fi ni sanin abu na gaba. Matata ba ta bin hanyar rafi ita kaɗai ko da rana tsaka, kuma tana da gaskiya. Shingen shuke-shuken da aka dasa don ado ya girma ya wuce kan mutum, duk wanda ya shiga ciki ya ɓace daga idon titi. Fitilu rabinsu sun mutu. Bayan gida a kulle yake tun da famfonsa ya lalace, kuma filin da babu bayan gida, mai yara da mai ciwon suga da tsoho ba za su iya daɗewa a cikinsa ba. Da mutanen kirki suka ragu, sai masu neman ɓuya suka samu wuri, daga nan sauran mutanen kirkin ma suka janye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ji wani kansila yana cewa a ƙara tsayin katanga a sa ƙofa ɗaya. A nan ma New York ta riga ku gwadawa. Wani ƙaramin fili da ake kira Bryant Park, bayan babban ɗakin karatun birnin, an ɗaga shi sama da titi an kewaye shi da shinge, ya zama kasuwar masu sayar da ƙwaya. Da aka sake buɗe shi a 1992, abin da aka yi shi ne akasin shawarar kansilan: aka cire shingayen da ke tare ido, aka ƙara ƙofofi aka faɗaɗa su, aka zuba kujerun da kowa zai iya ɗauka ya kai inda yake so ya zauna. Jama'a suka cika wurin, kuma cikar tasu ita ta kori waɗancan. Mu almakashin aske shinge muke nema da ƙwan fitila da mai gyaran famfo.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro, kuma zan faɗe shi ba tare da zargin kowa ba. Filin da aka bari ya lalace yana da masu jiransa. Da farko kwantena ɗaya ce a kusurwa, an ce na ɗan lokaci ne. Sai a zuba mata daɓe. Sai a ga bulo. Sai wata rana wani ya tashi a zaman majalisa ya ce ai wurin nan ya zama matattarar ɓata-gari, ba gara a yanka shi a yi shaguna majalisa ta samu kuɗin shiga ba? Kuma a ranar maganarsa za ta yi kama da hankali, domin lalacewar ta riga ta yi masa shaida. Benci in ya karye ana sake wani. Fili in aka gina shi ya tafi ke nan, jikokinmu ma ba za su gan shi ba.

A 1989 gwamnatin Kenya ta so gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru da ke tsakiyar Nairobi. Wangari Maathai, wata 'yar gwagwarmayar kare muhalli a ƙasar, ta tsaya ta ce a'a, aka zage ta har a zauren majalisar dokoki, amma masu zuba jari suka janye, filin yana nan. Bayan shekara goma, a farkon 1999, aka fasa mata kai a bakin dajin Karura, shi ma a Nairobi, lokacin da ta je dasa itatuwa a wurin da ake rabawa wasu a asirce. Yau dajin nan na cikin birni ne, mai hekta kusan dubu, cike da hanyoyin ƙafa da mutane ke yawo a kai. Ta samu kyautar Nobel a 2004. Amma ba kowane gari ke da irinta ba, kuma bai kamata tsiron fili ya dogara ga sai an samu mai yarda a fasa mata kai ba. Takarda ce ya kamata ta yi wannan aikin. A Ingila da Wales, dokar 1949 ta tilasta wa hukumomin yankuna su zana taswirar duk hanyoyin ƙafar da jama'a ke da haƙƙin bi, kuma abin da ke kan taswirar hujja ce a kotu. Hanyoyin sun kai kimanin mil 140,000, da yawansu ta cikin gonakin mutane suka ratsa. Manomi na iya nome hanyar da ta bi tsakiyar gonarsa, amma doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda za a iya bi. Ina tambaya, ranka ya daɗe: akwai taswira ɗaya a ofishinku da ta nuna iyakar kowane filin jama'a da kowace hanyar ƙafa a garin nan? In akwai, ku manna ta a bakin kowace ƙofa ku kuma sa ta a intanet. In babu, ku tura safiyo ya auna a kafa duwatsun iyaka tun masu tuna inda iyakar take suna raye.

Na san amsar da ke bakinku: babu kuɗi. Ban musa ba. Shi ya sa shawarata ta farko ba ta neman ƙari: kada ku ƙara buɗe sabon fili ko sabuwar hanya sai an rubuta, a takardar amincewa da aikin, nawa riƙe shi zai ci a shekara, daga wane layi kuɗin zai fito, da muƙamin wanda zai amsa tambaya a kansa. Wanda ya kasa cike waɗannan gurabe uku bai shirya gini ba. Haka in wani kamfani ko mai hannu da shuni ya ce zai ba da kyautar wurin wasan yara, ku gode masa, sannan ku tambaye shi wa zai ɗaure lilon idan sarƙarsa ta tsinke.

Wasu za su kawo maganar sa tikitin shiga fili. A Alƙahira, filin Azhar da gidauniyar Aga Khan ta gina a kan jujin da ya shafe ɗaruruwan shekaru ana zuba masa shara, aka buɗe a 2005, ana biya kafin a shiga, kuma wurin a gyare yake. Na yarda hakan na iya dacewa da babban lambu guda da mutane ke zuwa don yini. Amma ban yarda da shi ba ga filin unguwa ko hanyar da mutum zai bi kullum. Wanda ke da gida mai farfajiya ba shi da matsala. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya da yara biyar, filin nan shi ne tsakar gidansa, kuma shi ne na farko da tikiti zai kora. Ƙasashen duniya da kansu, a muradun da suka amince da su a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, sun yi alkawarin cewa kafin 2030 kowa zai samu filin jama'a mai aminci da zai iya shiga, suka kuma ambaci mata da yara da tsofaffi da naƙasassu da suna. In kuna neman kuɗin shiga, ku nema a wurin masu hayar filin don taro da masu rumfunan sayar da kaya a bakinsa, da sharaɗin kuɗin ya tsaya a asusun filin, kada ya bi sauran ya ɓace a babban asusu.

Sannan ga mu. Mu masu zuwa kullum mun san juna, muna gaisawa, kuma da yawanmu za mu ɗauki shebur in aka ce mu ɗauka. Hanyar Appalachian a Amurka, mai tsawon kilomita kusan 3,500 da ta ratsa jihohi 14, tun da aka kammala ta a 1937 ƙungiyoyin 'yan sa kai ne ke ɗauke da mafi yawan aikin kula da ita, kowace ƙungiya da yankinta, suna sare reshen da ya faɗi, suna sabunta farin fentin da ke nuna hanya a jikin itatuwa. Amma suna yi ne da yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da hukuma, an san abin da ke nasu da abin da ba nasu ba. Mu da muka taɓa haɗuwa mu shida don mu yashe magudanar bayan gada, mai gadi ya hana mu, ya ce ba mu da izini. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake karewa. Ku ba mu izinin, ku ba mu ɗan ɗakin ajiye kayan aiki da mutum ɗaya da zai nuna mana inda za mu sa hannu. Sai dai in faɗa tun yanzu, don kada a yi mana fassarar da ba mu yi ba: za mu iya shara da yashe magudana da ban ruwa, ba za mu iya hawa itace mu sare busasshen reshe ba, ba za mu iya duba ƙarfin gada ko taɓa wayar lantarki ba. Waɗannan naku ne, kuma ranar da reshe ya faɗo kan yaro, ƙofarku za a ƙwanƙwasa.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne allo. Ƙarami, a bakin kowace ƙofa, mai ɗauke da sunan ma'aikacin da ke kula da wurin, da lambar da za a kira, da kwana nawa kuka ɗaukar wa kanku kafin a gyara ƙaramar ɓarna. Da akwai shi a lokacin, da kira ɗaya zan yi ranar da ƙusar nan ta fita.

Ina gayyatarka, ranka ya daɗe, kai da duk kansilan da ya samu sarari. Kada ku zo ranar da aka sanar, domin za a share muku hanya tun daren jiya. Ku zo da safe washegarin ruwa mai ƙarfi, ba jiniya, da takalmin da ba ku jin tausayinsa. Ina bakin ƙofar gabas kullum da ƙarfe shida da rabi. Za mu fara da ramukan nan huɗu, daga nan mu gangara bayan gada.

Na gode da sauraro. Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani mai tafiyar safe